Sambol ɗin Mushe: tarihin wani direktan lakwal



Cikin damanar da ta wuce Allah ya yi wa kakana rasuwa, mahaifin mahaifiyata, a wani gari tsakanin Maraɗi da Tasawa. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ko a garin ba kowa ya san sunan ba. Mushe ake ce masa, yaro da babba. Ita ma kakata, da al'ada ta hana ta kama sunan miji, wannan laƙabi ya rufa mata asiri fiye da shekara hamsin. Wani abokin karatunmu ɗan Katsina ya taɓa yin dariya da ya ga na rubuta kalmar, don shi mushe ɗaya ya sani, dabbar da ta mutu babu yanka. Namu daga monsieur ya fito, sunan da ƴan lakwal ke kiran malaminsu. A baki kalmomin biyu ba su haɗuwa, don karin sautinsu ya bambanta. A takarda ne suka zama ɗaya, tunda boko bai rubuta karin sauti.

Bayan sadakar uku aka buɗe akwatinsa na ƙarfe. An samu takardun aiki, da hotuna, da kaye masu yawa da ya cika da rubutun hannunsa. A can ƙasa, cikin wani tsumma, akwai ƙashin haƙarƙarin tunkiya da aka huda aka zura masa igiya. Yaran gida suka ce laya ce. Mahaifiyata ta ɗauka, ta juya shi a hannu, ta fita daga ɗakin ba ta ce komi ba. Tarihin wannan ƙashi nake so in ba ku, don ta kansa na fahimci kakana, kuma na fahimci wani yanki na tarihin lakwal a ƙasarmu.

An haife shi wajajen…

Takardar haihuwarsa ba ta da rana, ba ta da wata. An rubuta né vers 1942, wato an haife shi wajajen 1942. Ku duba takardun kakanninku, da yawa haka za ku gani. Shi yakan ce kumandan ne ya dube shi, ya sa ya miƙa hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, ya yanke masa shekaru.

Zamanin nan ba kai yaro lakwal ake yi ba, kama shi ake yi. Kumandan ya aiko wa sarki cewa yana son yara kaza, sarki ya raba wa masu gari, masu gari su duba gidan da bai da mai tsaya masa. Mai hali ya ɓoye ɗansa a rumbu ko ya tura shi gabas karatun allo. Kakana maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana goye, don haka ba a sha wahalar zaɓe ba. Ya ce ranar da dogari ya zo, mata sun yi ta kuka kamar an fitar da gawa.

Lakwal ɗin da ya shiga tana da doka ɗaya da ta fi kowace ƙarfi: Faransanci kaɗai. Taron Brazzaville na 1944, wanda ya tsara makomar ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka, ya jaddada cewa da Faransanci za a koyar, kuma ya hana amfani da harsunan gida a aji. Yaron da bai taɓa jin bonjour ba, ranar farko da Faransanci za a yi masa magana, littafin Mamadou et Bineta a gabansa. A daidai wannan lokaci, tsallaken iyaka, tafiyar da ba ta fi yini biyu a ƙasa ba, yaran Katsina da Daura da Hausa suke fara karatun boko, kuma tun 1939 ake buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma Ingila da Faransa kowace da yadda ta so ta yi mulki.

Kakana ya yi ƙoƙari, ya samu sartifika, aka tura shi makarantar horon malamai ta Tawa. Yana gab da gamawa aka samu ƴancin kai, ranar 3 ga watan Agusta 1960. A lokacin, cikin yaran Nijar da suka isa shiga lakwal, waɗanda ke ciki ba su kai 5 cikin 100 ba. Mutanen da suka ja siyasar ƙasar ma malaman lakwal ne: Diori Hamani, Boubou Hama, Djibo Bakary, duk sun yi William Ponty a Senegal, duk sun riƙe alli kafin su riƙe wani abu. Saboda haka saurayin da ya fito da takardar malanta a shekarun nan gani yake ƙasar a wuyansa take. Kakana ya ce ranar da aka ba shi aji na farko, rumfar kara ce, yara zaune bisa rairayi, amma ji yake kamar an naɗa shi gwamna.

Yadda sambol ke aiki

Ga waɗanda ba su tarar ba, bari in bayyana. Sambol, daga symbole, wani abu ne mai muni da ake rataya wa yaro a wuya in an kama shi yana magana da harshen gidansu a harabar lakwal. Wani wuri ƙashi ne, wani wuri gwangwani, wani wuri ƙoƙon kan dabba. Wanda aka rataya wa bai da mafita sai ya kasa kunne ya kama wani, ya sauke masa. Wanda aka tashi yana ɗauke da shi, shi zai kwana da shi, gobe da safe ya sha bulala gaban kowa. Ba a Afirka aka fara ba. A Faransa kanta an yi wa yaran Bretagne da na kudancin ƙasar irin wannan don a raba su da harsunansu.

Wayon abin shi ne malami bai buƙatar tsaro. Yaran ke tsaron junansu. Abokinka na wasa sai ya tsokane ka da gangan, ya taka maka ƙafa, ka ce "wayyo", ya miƙo maka ƙashi. Akwai yaran da suka gwammace su yini ba su ce uffan ba.

Kakana ya ɗauki sambol yana yaro, ya rataya shi yana malami, kuma da ya zama direkta ya sa a yi amfani da shi a dukan azuzuwansa. Ba zan ɓoye wannan ba. Tsofaffin ɗalibansa da suka zo gaisuwa ma ba su ɓoye ba. Wani mai furfura ya ce mana, yana dariya yana share ido: "Wallahi har yau in na yi mafarkin lakwal, igiyar nan nika ji ga wuya."

Gidan direkta

A ƙauyuka da yawa gidan direkta cikin harabar lakwal yake, zana kawai ta raba. Haka iyalin kakana suka rayu, daga wannan gari zuwa wancan, duk inda takardar canjin wurin aiki ta jefa shi. Abokan aikinsa da dama sukan bar iyali a birni su tafi daji su kaɗai. Shi bai taɓa yarda ba. In za a tashi, da kakata, da yara, da turmi, da akuya, duk a mota ɗaya. Yakan ce gidan da mai gida ke leƙowa sau ɗaya a wata masauki ne.

Kakata ba ta yi lakwal ba, ko ƴes ba ta sani da Faransanci, kuma bai taɓa yi mata Faransanci ba ko da wasa. Da dare, bayan ya gama gyaran kaye, yakan ɗauko Magana Jari Ce da ya sa wani ɗan kasuwa ya sayo masa daga Katsina, ya karanta mata da yara a gaban fitilar ƙwai. Shi ya koya wa kansa karanta bokon Hausa, babu wanda ya koya masa. To kun ga mutum: da rana yana bugun yara saboda Hausa, da dare yana karanta wa nasa Hausa. Zana ɗaya ce tsakani.

Mahaifiyata ita ce ta uku cikin ƴaƴansa. Zamanin Kountché ne, tana ajin CE1. Wata rana lokacin shan iska ƙishirwa ta kama ta, ta ruga bakin zana ta ce: "Inna, ba ni ruwa." Wani yaro da ke ɗauke da ƙashin tun safe yana bayanta. Kafin ta haɗiye ruwan igiya ta shiga wuyanta. Ba ta samu wanda za ta kama ba har aka tashi.

Daren nan ta ƙi magana. A tunaninta na yarinya, tunda gidansu cikin lakwal yake, ko'ina lakwal ne. Kakata ta tambaye ta ko za ta ci tuwo, ta ce oui. Ta tambaye ta ko jikinta ne, ta ce non. Da kakata ta gane abin da ke faruwa, sai ta jira Mushe ya gama sallar isha'i, ta zauna gabansa. Mahaifiyata tana kwance tana ji. Ta ce kakata ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi:

"Mushe, na bi ka gari huɗu ban ce komi ba. Amma in ɗiyata ba ta iya roƙona ruwa cikin gidana, gobe ka nemo mota in tahi gidanmu. Ka samo mai jin maganarku ta riƙa maka su."

Bai amsa ba. Da safe aka yi layi gaban tuta, ya kira mai sambol, ƴarsa ta fito. Duk lakwal ta yi tsit, ana jira a ga ko ɗiyar direkta daban take. Ya yi mata bulalar da ake yi wa kowa, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya cire igiyar daga wuyanta, ya sa ƙashin cikin aljihun rigarsa. Daga ranar ba a sake ganin sambol a lakwal ɗin da yake riƙe ba, har ya ajiye aiki.

Mahaifiyata ta ce ta yi shekaru tana jin haushin bulalar. Sai da ta girma ta gane cewa da ya ɗauke mata, da gari ya ce don ɗiyarsa ya soke doka, kuma da malaman sun dawo da abin ranar da aka canza masa wuri.

Bai yi wa kowa jawabi ba, bai rubuta wa hukuma ba. Abin da malamansa suka lura shi ne, in ya shiga aji ya ga yara sun kasa gane rabawa ko ma'aunin fili, sai ya tura ƙofa ya yi musu bayani da Hausa cikin ƙaramar murya, sannan ya koma Faransanci kamar ba a yi ba.

A wannan lokaci ƙasar ta riga ta fara gwaji. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo. Kakana bai nemi a kai shi irin waɗannan ba, kuma bai sa ƴaƴansa ba. Dalilinsa shi ne, ya duba bai ga ƴaƴan manya a ciki ba. Ya ce tuwon da mai dafawa bai ci, shi ma bai ba ɗiyansa.

Shekarun da babu albashi

Mu da aka haifa bayan 2000 ba mu san shekarun 1990 ba sai a baki. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi maci a Yamai kan matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, 3 suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Babban ɗan kakana yana jami'a lokacin. Kakata ta ce Mushe kwana biyu bai ci abinci ba, rediyo a kunne, har saƙo ya iso cewa yaron na nan lafiya. Bayan taron ƙasa na 1991 sai bashin albashi ya taru wa ma'aikata wata da watanni, yajin aiki ya yi yawa, har aka yi shekarun da aka soke karatu ɗungurungum. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100.

A nan ne matar da ba ta san oui ba ta riƙe gidan direkta. Kakata ta shiga matsar gyaɗa, tana sayar da mai da ƙuli-ƙuli. Da kuɗin ƙuli-ƙuli aka sayi kaye da bik na yara bakwai, biyar nata, biyu na dangi da ke zaune wurinsu don karatu. Kakana ya sayar da mobilet ɗinsa ya koma tafiya a ƙasa. Da damana yana noma gero kamar kowa. Wani mai kuɗi ya zo neman auren mahaifiyata tana lise, dangi suka taru suna cewa ga sauƙi Allah ya kawo. Ya ce a bari ta gama. Suka ce yunwa fa? Ya ce yunwa baƙuwa ce, tana tahiya. An yi shekara wasu ƴan uwansa ba su taka gidansa ba.

Ko ranar da ake yajin aiki, shi yakan buɗe ofishinsa ya zauna. Bai karya yajin ba, bai shiga aji ba, amma da marece ƴan CM2 sukan taru gindin bedi a ƙofar gidansa ya yi musu dikte. Ya ajiye aiki ƙarshen shekarun 1990, bai da gida a birni, bai da mota. Gona ɗaya gare shi da akwatin nan na ƙarfe.

Tambayar da na yi masa

Shekarata ta biyu a sashen ilimin harsuna na jami'ar Abdou Moumouni, muka karanta yadda mulkin mallaka ke danne harsuna. Muka ga Louis-Jean Calvet da littafinsa na 1974, muka ga shi kansa Abdou Moumouni, wanda tun 1964 ya rubuta L'éducation en Afrique yana kiran a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Na dawo hutu kaina ya yi zafi. Kun san yadda muke in mun karanta littafi biyu.

Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka, amarya yake ce mini. Da wannan wasa na fake na ce: "Angona, ashe ku ne ƴan sandan Faransa? Ku kunka bugi Hausa daga bakin yara?"

Bai yi dariya ba. Ya daɗe shiru, sannan ya ce: "Amarya, kin san dikte? Kuskure biyar, sifili. Sifili ga dikte, babu sartifika. Babu sartifika, babu koleji, yaro ya koma gona shina da shekara goma sha uku, bai iya noma ba, bai iya boko ba. Ƙofa guda anka bar muna, kuma da Faransanci anka rubuta makullinta. Ni maraya ta nan na shiga. Mi kike so in yi da ɗiyan talakawa da anka ba ni?"

Na ce to ai da bai buge su ba. Ya ce: "Wannan gaskiya ne. Bugun bai koya ma kowa komi ba, tsoro ya koya musu. Na gane, amma na daɗe ban gane ba. Kakarki ta riga ni."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai nemi in wanke shi ba, ni ma ban ce na wanke shi ba. Akwai yaran da sambol ya kora daga lakwal, waɗanda ba su zo gaisuwa ba, ba wanda ya ji ta bakinsu. Wannan ma yana cikin tarihinsa.

Cikin kayen da muka samu akwai uku da ba na aiki ba ne. Shekara da shekaru yana rubuta kurakuran yara, yana neman dalilinsu: yadda Bahaushe ke rikita p da f, yadda u ta Faransanci ke komawa i a bakinsa. Ya jera kalmomin da Hausarmu ta aro ta haɗiye har da harafin gabansu, kamar lakwal daga l'école da lanho daga l'impôt. Abin da muke zama a aji muna kira nazarin cuɗanyar harsuna, wani direktan ƙauye ya yi shi da jan bik, bai san yana da suna ba.

A watan Maris 2025 sabon kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Na kira shi a waya ina murna. Ya ce ya ji a rediyo. Sai ya ce: "An naɗa ma Hausa rawani, madalla. To ina littafin lissafi na CM2? Ina na kimiyya? Wa za ya horar da malamai? Kuma ɗan Zabarma da ɗan Fulani da ɗan Buzu, kar ku je ku rataya musu abin da anka rataya muna." Ya tuna mini cewa tun 1998 dokar ilimi ta ba harsunan ƙasa wuri a lakwal, tun 2001 wata doka ta lissafa harsunan ƙasa guda 10, amma har yanzu yawancin yaranmu da harshen da ba su ji suke fara karatu. Wannan ce doguwar hirarmu ta ƙarshe.

Ƴan uwa, yanzu abu ne mai sauƙi mu zauna a fada muna shan shayi muna kiran tsofaffin malamai yaran Faransa. Ni ma na yi, a gaban nawa kakan. Amma mu duba kanmu: mu nawa cikinmu ke iya rubuta shafi ɗaya na Hausa da ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu? Mu nawa suka taɓa fassara darasi ɗaya na lissafi don ƙannensu? Su an ba su ƙofa ɗaya, suka tura yara ta ciki da duk abin da suka iya, mai kyau da marar kyau. Mu an buɗe mana ta biyu, kuma har yanzu babu komi a ɗakin.

Shawarata ƙarama ce. Wanda ke da tsohon mushe a gidansu ko a unguwarsu, ya je wannan hutu ya zauna da shi, ya ɗauki maganarsa a waya, ya tambaye shi har abin da bai son a tambaya. Ya tambayi matarsa ma, don rabin tarihin yana wurinta. Suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma akwatunansu gara ke ci.

Kayen uku suna hannuna, na fara juya su a kwamfuta. Ƙashin kuwa mahaifiyata ta ce nata ne, ita ta biya shi. Kakata na nan da ranta, ta ce in an buga wannan takarda a karanta mata, tunda da Hausa aka rubuta.

Allah ya jiƙan Mushe, ya yafe masa kurakuransa, ya sa aljanna ce makomarsa, da shi da dukan malamanmu da suka riga mu. Amin.